Kujerar Roba a Ƙarshen Sahu

A cikin sa'o'ina na unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangui ni na fara yin salla a kan kujera, kuma har yau ban yafe wa kujerar nan ba. Farar roba ce irin ta gidan biki, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Ladan ne ya ajiye mini ita a ƙarshen sahu, jikin bango, bayan likita ya ce gwiwoyina sun gaji da dakon tumbina, ga suga ga hawan jini. In liman ya yi kabbara jama'a suka zube ƙasa, ni sai in ɗan duƙar da kai kamar mai gyangyaɗi a tasha. Duk abin da nake nema a duniya a lokacin bai wuce in sake sa goshina a ƙasa ba. Daga kan kujerar kuwa babu abin da nake hange tarwai kamar ƙeyar taubashina a sahun gaba, yana sauka yana tashi ko nishi babu.

Ɗan gwaggona ne, ni kuma ɗan kawunsa. Ni ne ɗan namiji, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangidan banza. Shekara guda aka haife mu a Bangui, shagunanmu a kasuwa bango ɗaya ya raba su. Ina sayar da kwanon rufi da ƙusa, yana sayar da fenti da kwaɗo. Wanda ya san taubasantaka ya san babu maganar kirki a cikinta. Ko ta'aziyya za mu yi wa juna, sai mun soka tsiya a ciki kafin ta shigu. A tsawon rayuwarmu ban taɓa ce masa yaya jikinka ba tare da na ƙara da cewa in zai mutu ya bar mini babur ɗinsa ba.

A kasuwarmu mutum ba ya cin abincin rana shi kaɗai. Kowa da abokin farantinsa: yau daga gidana, gobe daga gidansa. A kan farantin nan muka yi ƙibarmu tare. Lokacin boren sojoji na farko, muna da ƙuruciyarmu, harbi ya taɓa ritsa mu a siton mahaifina muka kulle kanmu a ciki, babu abin yi sai dafa shinkafa da kifin gwangwani a kan risho. Mutane suka fito daga boren a rame, mu muka fito wando ya matse. Abin alfahari ne a wancan zamani. Tumbi jari ne. Direban da ya ɗauko kaya daga Kamaru in ya ga cikinka ya riga ka fitowa daga shago, ba ya tsoron sauke maka kaya. Masu yaren Sango, yaren ƙasar, su ce maka kota zo, wato babban mutum. Wanda ya rame kuwa ba a barinsa. Iyayenmu mata sai sun zaunar da shi sun ji ko ciwo ne, ko karayar arziki, ko matarsa ce ba ta iya girki ba.

Sai rikicin baya-bayan nan ya zo, wanda ya mai da unguwarmu kurkuku mara rufi. Ka wuce gadar da ke bakin unguwar, ba ka da tabbacin dawowa. Manyan motoci suka yi ta kwasar mata da yara zuwa Kamaru da Cadi. Iyalin taubashina suna ciki. Tawa matar ta ce ita ko a buhu aka sa ta sai ta fito, a nan ta binne uwarta, a nan za ta zauna. Kasuwa ta zama yau a buɗe, gobe a ji ƙarar bindiga a ja ƙofofi. Mu da ba mu saba zaman banza ba, sai muka faɗa waya.

Akwai wani zaure da 'yan unguwa suka buɗe a intanet, na gida da waɗanda suka gudu. Da farko don labari aka yi shi: wace hanya ce ke biyuwa, wa aka gani, wa ba a gani ba. Babu mai shiga da sunansa na yanka, domin masu bindiga ma suna da waya kuma sun iya karatu. Kowa ya laƙaba wa kansa suna, ya sa hoton zaki ko na masallaci. Ni na zama Tsohon Direba, ni da ko keke ban iya ba. To ka san mutum in ya rufe fuska, bakinsa buɗewa yake. Dattawan da a masallaci ko tari ba sa yi da ƙarfi, a zauren nan ashar suke ɗurawa. Aka yi musu a kan siyasa, aka yi a kan ganin wata, aka yi a kan ko kifin kogi ya fi na gwangwani.

Ana cikin haka wani ya ɓullo da sunan Mai Tafiya Ƙasa. Shi ba ruwansa da siyasa, ciki ya sa a gaba. Ya ce shi ma dattijo ne, da can ƙato ne, yanzu ya sauke. Ya ce gozo, tuwon rogon da muke dannawa rana da dare, shi ke kashe mu tun kafin harsashi ya iso. A rage gozo, a yawaita ngunza, miyar ganyen rogo, ba tare da an malale ta da manja ba. A sha ruwa da yawa, a bar suga a shayi, a ajiye babur a taka da ƙafa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya ce shi da ya kusa komawa salla a zaune, yanzu sujada yake yi har ya manta da tashi.

Na ce yau ga ɗan rainin wayo. Na rubuta masa cewa ana harbin mutane shi yana ƙirga loma. Na ce kakanninmu da tuwo suka tako daga arewa har bakin kogin nan, ba da ganye ba, mu ba awaki ba ne. Ya amsa cikin sanyi, ya ce kakanninmu da ƙafa suka zo, mu kuwa daga shago zuwa masallaci sai an ɗauke mu. 'Yan zaure suka yi ta turo hoton dariya. Wallahi ranar ko la'asar ban yi da natsuwa ba. Daga nan kullum sai mun kara. In ya ce fari in ce baƙi. Sanyin nan nasa ya fi zagi ciwo, domin mai lafiya ne kaɗai ke da sararin yin haƙuri irin wannan.

A daidai wannan lokaci taubashina ya fara zubewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, agogo ya koma yawo a hannunsa. Na lura babur ya ɓace, da ƙafa yake zuwa kasuwa daga gidansa da ke Kokoro. Ya daina sa silifa, ya koma kambas da safa kamar ɗan ƙwallo. Ga wata jarka da ya ajiye a gefen kujerarsa, yana ɗaga ta yana kwankwaɗa. Ranar da farantin yake nasa, tunda babu mace a gidan, sai ya sayo ngunza wajen wata mai abinci da ɗan gozo wanda bai kai dunƙulen hannu ba. Ya tsakura ya tura mini sauran.

Ban kawo komai a raina ba sai ranar da Mai Tafiya Ƙasa ya rubuta cewa in Allah ya haɗa ka faranti da acici, kada ka yi gasa da shi, ka ci ganye ka bar masa tuwon. Na karanta, na ɗaga kai, ga bawana a bakin shagonsa ya sunkuya a kan waya. Na ce a raina, af, ashe kai ne. Ni ne acicin kenan. A gaban duk 'yan unguwa, na gida da na waje.

Kada wani ya ce mini zato zunubi ne, na sani, amma ku duba abin da na gani. Tafiyar ƙasa, ga ta. Ruwa, ga jarka. Ganye, ga shi a faranti. Har gwada shi na yi. Ina zaune a shagona na aika wa Mai Tafiya Ƙasa baƙar magana, na leƙa. Taubashina ya zaro waya, ya duba, ya ɓata fuska, ya yi 'yan danne-danne. Kafin in ƙifta ido amsa ta shigo. Wane alƙali ne zai ƙi karɓar wannan shaida?

Ba ɓoyewar ce ta fi ci mini rai ba. Tare muka tara wannan kitse, loma da loma, sai ya sulale ya bar ni da nawa. Ya sami hanyar tsira bai ce mini zo mu je ba, sai dai ya hau waya yana yi wa duniya wa'azi da ni. In ya miƙe daga tabarma ba tare da ya dafa bango ba, sai in ji kamar an mintsine ni. In ya tsuguna yana jera gwangwanayen fenti, in kau da kai. Na yi kishin wuyansa, na yi kishin yadda rigarsa ke kaɗawa in iska ta taso. A masallaci kuwa, Allah ya yafe mini, ana sujada ni ina lissafin tsawon lokacin da goshinsa ya yi a ƙasa. Na sha jin an ce hassada ga mai rabo taki ce, na ce to ni kam na zama mai kai masa taki kyauta, don kullum ƙara tsanewa yake.

Matata ta gan shi wata rana ya zo karɓar saƙo, da ya fita ta ce mini ramar nan ba ta Allah da Annabi ba ce, in zaunar da ɗan'uwana in tambaye shi. Na yi mata dariya. Na ce ita tunanin da ne da ita, yanzu duniya ta waye, wannan shi ake kira rejim, wato rage ci don sauke ƙiba, da gangan ake yi. Ta ce ita dai idonta ba mudu ba ne amma ya san kima. 'Yan kasuwa ma suka fara ƙus-ƙus, wasu su ce ciwo ne, wasu su ce ya karye. Ni ne mai kare shi, da ɗaci a bakina. Ina ce musu ku bar shi, lafiyarsa ta fi ta kowa a layin nan, ni na san abin da yake yi.

Na dai tambaye shi sau ɗaya, irin tambayarmu. Na ce bawana, wannan rama haka, ko amarya kake nema a ɓoye? Ya ce ai dole bawa ya rame tunda ubangidansa hannu biyu yake ci da shi. Muka yi dariya, ni ina jin kamar in kife masa farantin a ka.

Kishi ya sa ni abin da likita ya yi shekaru yana roƙona ban yi ba. A ɓoye na ce wa matata ta rage mini tuwo. Na bar suga a shayi, ina sha ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro shayi. Da hantsi in kasuwa ba ta buɗe ba, sai in taka daga ƙofar gida zuwa kusa da gada, inda iyakarmu ta tsaya, in juyo, ina haki kamar tsohuwar mota a kan tudu. A zaure kuwa ban fasa ba. Ina bin shawararsa da safe, ina zaginsa da rana. Na rantse ba zan bari ya ga ranar da zan ce ya yi gaskiya ba.

Akwai wani lungu a bayan shagunanmu inda mu biyu kaɗai muke kewayawa da buta. Wata rana bayan azahar na shiga, sai na ga kiyashi sun yi baƙi a jikin bango, daidai inda ƙasa ke da danshi. Da haka aka gane nawa sugan shekarun baya: kiyashi ba sa bin fitsarin mai lafiya. Na ce shi ke nan, duk wahalar ganyen nan a banza. Na koma shago na ɗauko 'yar na'urar gwajin da ke cikin aljihun tebur, na huda yatsa. Lafiya lau, har ya fi na kullum kyau. Na zauna da na'urar a hannu. Mu biyu ne ke shiga lungun nan. Sai jarkar ta faɗo mini a rai, da yadda yake tashi zuwa lungu kafin a gama cinikin gwangwani ɗaya.

Na shiga shagonsa ban yi sallama ba. Ya fara cewa ubangidan banza ya zo bara, na ce ya miƙo hannu. Ya ga fuskata, ya miƙo. Na'urar ta yi shiru, sannan ta ƙi ba da lamba, abin ya haura inda take iya ƙirgawa. Na ce ya cire kambas. Ya ce alwalarsa ce da shi, shafa yake yi a kan safa. Na ce cire. Tun kafin safar ta gama fita wari ya gaya mini. Ƙusa ce ya taka a hanyar Kokoro, ya ce ko zafi bai ji ba, shi ya sa bai ɗauke ta komai ba. Yatsu biyu sun riga sun yi baƙi.

Na ce masa, cikin faɗa, wane irin rejim ne wannan da zai kashe kansa a kai, yana hawa waya yana koya wa mutane lafiya ƙafarsa tana ruɓewa. Ya dube ni kamar na yi masa Faransancin da bai taɓa ji ba. Ya ce wane rejim? Babur sayar da shi ya yi ya aika wa yara. Ganye shi ne abin da aljihunsa ke iya saye. Ruwa kuwa ko kogi ya shanye ƙishi ba ya barinsa. Wayar da nake gani yana dubawa, saƙon matarsa yake jira daga sansani, in layi ya kama. Zauren ma tun farkon rikici ya fita, ya ce zagin ya yi masa yawa, musamman na wani mara mutunci wai shi Tsohon Direba.

Na mai da na'urar aljihu. Shi ya ci gaba, yana mai da safar a hankali.

"Ka san abin da nake kallo kullum in muna cin abinci? Tumbinka. In ce ji ɗan banzan nan, duniya tana ƙonewa shi ko gezau, matarsa na gida, tuwonsa na zuwa da zafi. Wallahi har addu'a na yi Allah ya ba ni rabin cikin nan naka."

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

"Ta ina? Kai da ko mutuwa na ce zan yi, babur za ka tambaya."

Wannan ne karo na farko da muka yi magana babu wasa a ciki, kuma ba mu iya ba, duk muka rasa inda za mu sa ido.

Akwai wani ɗan asibitin masu agaji a cikin unguwa. Su suka sa shi a motarsu suka ƙetare gada da shi, inda ni ban isa in bi ba. Yana can kwance, wayarsa tana aljihun teburina, sai ga Mai Tafiya Ƙasa ya rubuto dogon bayani a kan amfanin kuɓewa. Na daɗe ina kallon rubutun. Kowane layi a kasuwar nan cike yake da faranti, kowane faranti da acicinsa, ni na ɗauka ni kaɗai ne a Bangui. Har yau ban san ko wane ne ba. Wasu sun ce wani malamin asibiti ne da ya gudu Duwala, wasu sun ce mace ce. Na rubuta masa cewa ya ƙara a cikin wa'azinsa, ba kowace rama ce nasara ba, in mutum ya ga ɗan'uwansa yana zubewa ya huda masa yatsa tukuna kafin ya taya shi murna. Ya ce wannan gaskiya ne, Tsohon Direba, yau ka yi magana. Ko a nan ma sai da ya ba ni haushi.

Taubashina ya dawo da sanduna biyu, ƙafar hagu ta tsaya a ƙasan gwiwa. Farantin ya koma daga gidana kullum, matata ta ce ba ta son jin wata magana a kai. Ganye ne da ɗan tuwo, nasa da nawa iri ɗaya, muna ci muna zagin mai girkin a hankali yadda ba za a kai mata ba. Ya ɗan murmure, allurar suga ta karɓe shi. Ni kuma tafiyar da na fara don in huce haushinsa ta zame mini jiki, wando ya fara neman ɗauri.

Wata Juma'a da la'asar na ji gwiwoyina sun yi sauƙi, na ce bari in gwada. Na shiga sahu na tsaya da ƙafafuna. Ladan bai ɗauke kujerar ba, domin ta riga ta sami mai ita. Liman ya yi kabbara, na sauka a hankali, ina dafe da ƙasa, har goshina ya taɓa tabarma. Na ji sanyinta da ɗan ƙurar da ke jikinta. Shekaru ina mafarkin wannan lokaci, na ɗauka kuka zan yi. Abin da na ji shi ne ido a ƙeyata, daga ƙarshen sahu, jikin bango. Ban buƙaci waiwayawa ba. Na san nisan da ke tsakanin kujerar nan da sahun gaba, na san abin da ake hange daga kanta.

Da aka sallame na je ɗauko wa taubashina sandunansa. Ya karɓa bai dube ni ba, ya ce ubangidan banza, ka daɗe a sujadar nan, na ƙirga.